Gina Majerin Kiɗa a Kwamfuta: Gida 12 Ko Gida 16?

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gulma, ko wani gari na ƙasar Argungu da ke bakin fadamar Gulbin Rima, bayan an yanke shinkafa, ya san amon lugude. Mata biyu ko uku sukan kewaye turmi guda, kowace da taɓaryarta, wannan ta saka, wannan ta zare, ba wadda takan yi karo da 'yar'uwarta a bakin turmi. Wata ma takan cilla taɓarya sama, ta tafa hannu kafin ta cafe, duk da haka ba ta wuce lokacinta. Ba mai ƙirga musu, alhali kuwa lissafi suke bi: lokaci ya kasu gida-gida, kowace ta san gidan da yake nata, in zagaye ya ƙare sai a koma farko.

Wannan lissafi shi ne tushen wata dabara da masu haɗa kiɗa a kwamfuta suke aiki da ita kullum. A cikin wannan takarda an kira ta majeri, daga kalmar jera, kamar yadda aka sami mabuɗi daga buɗe. Majeri layi ne na gidaje, irin guraben dara, kowane gida yana madadin ɗan taƙin lokaci. Inda ake son bugu a sa alama, inda ake son shiru a bar gida fanko, sa'an nan na'ura ta riƙa bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, in ta kai ƙarshe ta komo. Manufar takardar ita ce a bayyana yadda malami zai gina majeri da hannunsa, da dalilin da ya sa ginawar ta fi karɓar wanda aka riga aka gama amfani ga mai nazarin kiɗa da waƙar Hausa.

2. Asalin dabarar

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ƙarni na 9, 'ya'yan Musa ɗan Shakir, watau Banu Musa na Bagadaza, sun bayyana wata sarewa mai busa kanta. Ruwa ne ke juya wani gungume wanda aka kafa wa haƙora, kowane haƙori in ya zagayo sai ya buɗe wata kafa ta sarewar. Haƙori shi ne alama, inda babu haƙori shi ne gida fanko, juyawar gungume kuwa ita ce komawa farko.

A zamanin lantarki, na'urar da ta fi yaɗa wannan tsari ita ce TR-808, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. A gabanta akwai maɓallai 16 a jere. Daga ƙarshen shekarun 1990 manhajar FruityLoops ta ƙasar Beljiyam, wadda daga baya aka sa wa suna FL Studio, ta kawo wannan jeri na 16 cikin kwamfutar gida, ta kuwa sami karɓuwa ƙwarai a ɗakunan haɗa waƙa na Nijeriya.

Manazarta su ma sun iso ga tsarin ta wata hanya dabam. A 1962, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Philip Harland ya fara rubuta kiɗan gangunan Afirka ta Yamma cikin layukan ƙananan akwatuna domin koyar da ɗalibai, James Koetting kuma ya bayyana tsarin a rubuce a 1970. Kowace ganga da layinta, kowane akwati taƙin lokaci guda. Ashe ke nan mai nazari da mai haɗa waƙa allo ɗaya suke kallo, sai dai na mai nazari bebe ne, na kwamfuta kuwa yana iya faɗin abin da aka rubuta masa.

3. Manhajar da ake zana wa umurni

Bisa al'ada, da rubutu ake ba kwamfuta umurni, layi bayan layi. Amma akwai wasu manhajoji da zane ake yi musu: a ajiye akwati a kan fuskar kwamfuta, a rubuta sunan aikinsa a ciki, a ja igiya daga gindin wannan zuwa kan wancan. Saƙo yakan bi igiya kamar yadda ruwa ke bin lambatu daga fangali zuwa fangali.

Biyu ne suka fi shahara a fagen kiɗa, mutum ɗaya kuwa ya kafa su. Miller Puckette ya ƙirƙiro Max a cibiyar IRCAM ta birnin Faris a shekarun 1980, aka sa mata sunan Max Mathews, wanda ya sa kwamfuta ta fitar da kiɗa a 1957 a Amurka. A 1996 Puckette ya fito da Pure Data, wadda ake taƙaitawa Pd. Max sayenta ake yi, Pd kuwa kyauta ce, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma da zarar an saukar da ita ba ta bukatar intanet. Saboda haka da Pd aka yi misalan da ke tafe, ko da yake abin da aka faɗa ya shafi Max, in ban da ɗan bambancin sunaye.

Ƙa'ida ɗaya ce ya wajaba a riƙe tun farko. Yawancin akwatuna suna da ƙofofin shiga a samansu. In saƙo ya shiga ta ƙofar hagu, akwati ya yi aiki nan take ya fitar da sakamako. In ta ƙofar dama ya shiga, sai akwati ya ajiye shi ya yi shiru, har ranar da aka ƙwanƙwasa ta hagu.

4. Sassa huɗu na majeri

Sashe na farko agogo ne. Akwatinsa ana rubuta masa metro, aikinsa kuwa ya riƙa fitar da ƙwanƙwasa a kan ƙa'ida, ba gaggawa ba nawa. Da milisakan ake auna masa tazara, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Minti guda milisakan 60,000 ne. In ana son taku 120 a minti, kowane taku ya sami 500. In an raba taku gida huɗu, kowane gida ya sami 125. In gida uku aka raba shi, kowane ya sami kusan 167. Wannan adadi shi ake rubuta wa agogo.

Sashe na biyu maƙirgi ne, mai faɗin gidan da aka kai. Da akwati biyu ake haɗa shi: ɗaya mai suna f, wanda ke riƙe adadi, ɗaya kuma mai ƙara ɗaya a kan duk abin da aka ba shi. Agogo ya ƙwanƙwasa f ta hagu, f ya fitar da adadinsa, mai ƙari ya ƙara ɗaya, ya mayar da sabon adadin cikin f ta ƙofar dama, ya zauna jiran ƙwanƙwasa ta gaba. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe. In aka yi kuskure aka mayar da igiyar ta ƙofar hagu, f zai amsa nan take, mai ƙari ya sake turo masa, su yi ta zagaye ba tsayawa, har Pd ta katse su ta ba da sanarwar kuskure. Bayan wannan sai a sa akwatin mod, wanda ke raba adadi ya ba da ragowa kaɗai. In an rubuta masa 12, to 12 ya koma sifiri, 13 ya koma 1, haka har abada. Mai karatu ya lura, kwamfuta daga sifiri take fara ƙirga, watau gida 12 a wurinta daga 0 ne zuwa 11. Amma a sauran takardar nan daga 1 za a ƙirga, yadda aka saba.

Sashe na uku allo ne, inda ake ajiye tsarin bugun. Jerin adadi ne, kowane gida da nasa: 1 in akwai bugu, 0 in babu. Akwatin tabread ya karɓi lambar gida daga maƙirgi, ya duba allo, ya fitar da abin da ya tarar. Akwatin select kuma ya tsare hanya, ba ya barin kome ya wuce sai in 1 ce ta zo.

Sashe na huɗu mabugi ne. A ɗauki amon bugu guda, na taɓarya ko na ganga, a ajiye a kwamfuta, duk sa'ad da ƙwanƙwasa ta iso a sake shi. In ana son ganguna uku, a yi allo uku da mabugi uku, amma dukansu agogo ɗaya da maƙirgi ɗaya za su bi, kamar yadda mata uku ke bin turmi guda. Iyakar ginin ke nan. Ɗalibin da bai taɓa ganin Pd ba yana iya gama shi a darasi ɗaya ko biyu.

5. Adadin da ake rubuta wa mod

Duk cikin ginin nan ba inda ya kai wannan ɗan adadi muhimmanci, domin shi ke yanke irin kiɗan da majeri zai iya faɗa. Adadin 16 yana rabuwa da 2, da 4, da 8, ba ya rabuwa da 3. Adadin 12 kuwa yana rabuwa da 2, da 3, da 4, da 6.

A koma ga lugude. In mata biyu ne, gida 16 ya wadatar: wannan ta ɗauki na 1, da 5, da 9, da 13, waccan ta ɗauki na 3, da 7, da 11, da 15. Amma in ta uku ta shigo, aka nemi bugu uku masu tazara daidai a zagaye guda, 16 ba ta da wurinsu. Abin da ya fi kusa shi ne tazarar 5, da 5, da 6, kunne kuwa zai ji ɗingishin nan take. A gida 12 ba wata wahala: na 1, da 5, da 9. Har wa yau a cikin 12 ɗin ana iya sa wani layi ya buga sau huɗu, a na 1, da 4, da 7, da 10, ya haɗu da mai uku a gida na farko kaɗai, su rabu, su sake haɗuwa a zagaye na gaba. Wannan gogayya ta uku da huɗu, ko uku da biyu, tana cikin ginshiƙan kiɗan Afirka ta Yamma, kiɗan Hausa kuwa yana da mai tafiya bibbiyu, yana da mai tafiya uku-uku.

Gaskiya ne na'urorin kasuwa ana iya juya su zuwa 12. Sai dai da 16 suke buɗewa, wanda kuwa bai san akwai zaɓi ba ba zai nema ba. Yaron da ya tashi da kiɗan gangar noma a kunnensa, in ya zauna gaban allo mai gida 16 ya kasa fitar da abin da yake ji, zai ɗauka kunnensa ne ya yi kuskure, ya gyara kiɗan ya dace da allo. In haka ta yawaita, kiɗan da aka gada zai riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya yi niyya ba. Wanda ya gina majeri da hannunsa kuwa dole ya tsaya a bakin mod ya tambayi kansa, gida nawa ne kiɗan nan? Ba ya samun amsa sai ya koma ya saurari makaɗi.

Akwai wani lissafi da ya dace a ambata a nan. A 2005 Godfried Toussaint, masanin ilmin kwamfuta a Jami'ar McGill ta Kanada, ya nuna cewa in aka raba bugu cikin gidaje daidai gwargwadon iko, da hanyar lissafin Yuklid, sau da yawa abin da ke fitowa kiɗa ne da wata al'umma ta riga ta sani. Bugu 3 cikin gida 8 yana ba da tazarar 3, 3, 2. Bugu 7 cikin gida 12, in an fara daga wurin da ya dace, yana ba da 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1, watau sanannen kiɗan ƙarfe na mutanen Ewe a Gana, wanda Yarbawa ma suke da shi. Lissafin yana da daɗin gwadawa a Pd, amma ba ya faɗin gidan da makaɗi ke ɗauka a matsayin farko, wannan kuwa shi ke bambanta kiɗa da kiɗa.

6. Majeri da karin waƙa

Malamin Hausa zai ga amfanin majeri ko da ba kiɗa yake koyarwa ba. Gaɓar Hausa iri biyu ce wajen nauyi: marar nauyi, watau baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, wadda ke da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko ta ƙare da baƙi. In aka ba marar nauyi gida ɗaya, mai nauyi gida biyu, kowace kalma ta sami tsawonta. Ruwa gida uku ce, 1 da 2. Kifi huɗu ce, 2 da 2. Masunta biyar ce, 1, da 2, da 2. Shinkafa shida ce, 2, da 2, da 2. Rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ɗalibai sukan sha wuya wajen yanka baiti. Amma in suka jera gaɓoɓin a allo suka saurara, kuskure yakan tona kansa.

Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh, cikin nazarinsu na bahar ɗin Rajaz na Hausa da aka buga a 2019, sun nuna cewa ƙafarsa a kan irin wannan awo guda shida take tafiya. In aka jera ruwa da gida, 1, 2, 1, 2, an sami ƙafa guda. Ƙafa biyu kuwa gida 12 ke nan daidai. Da allo ɗaya malami zai nuna ma'aunin baiti, da allo na biyu ya nuna yadda mai rerawa ya ja wata gaɓa ko ya taƙaita ta, ɗalibai su ji bambancin da kunnensu.

7. Abin da allon farko bai ɗauka ba

Allon 1 da 0 ƙashin kiɗa kaɗai yake riƙewa. Abu uku suka rage, kowane kuwa ana iya yi masa nasa allon.

Na farko ƙarfin bugu. Maimakon 1 ko 0, a rubuta adadi tsakaninsu, rabi ko rubu'i, a ninka amo da shi. Da haka ake bambanta bugun gula da taɓin yatsa.

Na biyu karin sauti. Kuntuku ko kazagi, da ke riƙe wa babbar ganga tafiya, suna zama lafiya a allon farko. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, ya kwaikwayi karin sama da na ƙasa da faɗau na harshen Hausa. Kalmar kalangu kanta ƙasa, ƙasa, sama take. Masunta kuwa sama, ƙasa, sama. Nauyin gaɓoɓinsu ɗaya ne, 1, 2, 2, a allon farko ba a rarrabe su. Sai an ƙara allo na biyu mai faɗin hawa da saukar kowane gida, a sa akwatin line ya zame da murya daga mataki zuwa mataki, domin tsarkiya ba tsalle take yi ba.

Na uku tazarar gidajen kansu. Agogon kwamfuta daidai wa daida yake rabo, hannun makaɗi kuwa ba lalle haka yake ba. Rainer Polak, cikin nazarinsa na kiɗan jembe na Mali da aka buga a 2010, ya auna ya tarar a wasu kaɗe-kaɗe gidajen da ke cikin taku guda ba su yi daidai da juna ba, wani gajere wani dogo, kuma makaɗa suna maimaita wannan rabo bisa ƙa'ida, ba kuskure suke yi ba. A Pd ana kwaikwayon haka da akwatin delay da allo na uku, mai faɗin milisakan nawa za a jinkirta kowane gida. Ga fili nan ga mai bincike a ƙasar Kabi: a ɗauki kiɗan makaɗan gari, a auna tazarar bugunsu, a zuba a allo na uku, a saurara da shi, a saurara ba shi.

8. Iyakar na'ura da haƙƙin masu kiɗa

Ko an cika allo uku, akwai abin da majeri ba ya yi, watau kallo. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, makaɗa a cikin jirage suke bin masunta a Matan Fada. Idonsu na kan mai homa da gora. In wani ya yi babban kamu kiɗa ya canja. Haka makaɗin dambe ke duban ɗan wasa, makaɗin noma ke duban wanda ya wuce sa'o'insa a kunya. Majeri abin da aka rubuta masa jiya shi zai faɗa yau.

Sa'an nan kiɗan Hausa yana da masu shi. David Ames da Anthony King sun tattara wannan cikin ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971: kalangu da mahauta, dundufa da maƙera, tambari da sarauta. Take kuwa na mutum ne ko na gida, mai shi yana jin sa kamar sunansa. Saboda haka wanda zai ɗauki amon ganga ko ya jera take a kwamfuta ya nemi izinin makaɗi, ya rubuta sunansa da garinsa da ranar ɗauka, ya kuma bar abin da aka ce ba a taɓawa.

9. Kammalawa

Abin da aikin ke bukata kaɗan ne: kwamfuta guda, da Pd, da lasifika, da wayar hannu ta ɗaukar murya. A makarantun horon malamai, irin Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, ɗalibai daga garuruwan fadama suke zuwa, kiɗan yana kunnensu tun suna goye. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da lugude, domin kowa ya san shi kuma ba na kowa ba ne. A bi da yankan baiti. Sa'an nan a shiga ƙananan ganguna, a bar kalangu a ƙarshe. A kowane mataki a kai wa makaɗi abin da aka jera ya saurara. In ya ce ba haka ba ne, to allo za a gyara, a kuma rubuta abin da ya ce ya ɓace, domin a nan ne sabon ilmin yake.